Gwangwanin Baba Hamagabdo

Shagona yana bayan tashar Garwa,
hoton fasfo nake wankewa, da na suna, da na biki.
Ran Talata, bayan la'asar,
Baba Hamagabdo ya shigo da gwangwanin shayi a hammata
da dodon hoto nannaɗe cikin tsohuwar hula.

Na ce, Baba, ina kyamarar?
Ya miƙo mini gwangwanin.
Ba gilashi, ba madanni,
sai 'yar leda a goshinsa, ba ta kai ƙwayar wake ba.
Na kanga ta da hasken ƙofa:
zobe cikin zobe cikin zobe,
baƙi, fari, baƙi, suna ƙara sirancewa,
irin wanda tsakuwa ke bari in ta faɗa rijiya.
Ya ce, ta nan haske ke kewayowa ya shiga,
ba a jan sa da igiya.

Na hure fim ɗin, na kama shi ta gefe,
na kwantar a sikana, na rufe murfi.
Ta yi gurnaninta na kyanwa,
tana tafiyar hawainiya.

Duniyar dodo juyayyiya ce.
Komai ya sha ruwan goro,
sama ta yi duhu, inuwa ta yi fari,
ganyen darbejiya ja kamar an yanka shi,
haƙoran mutane baƙi ƙirin.
Na juya launi. Shuɗi ya malale allon.
Na rage shi, kore ya taso.
Na danne kore, fuska ta koma ta mai shawara.
Sau bakwai ina ciniki da injin nan
kafin Binuwai ya yarda ya zama ruwa.

Ga gada, ga kwalekwale biyu,
ga bayan dorina kamar tulun da aka kife.
Ga wata mata tana shanya a kan yashi,
zanenta ja ya yi tsiron haske,
kafaɗarta na tururi kamar tuwon da aka kwashe yanzu.
Babu abu ɗaya mai kaifin baki.
Kowane gefe ya jiƙe ya shiga maƙwabcinsa.

Kunya ta kama ni, aikina ne a gani sarai.
Na kai hannu wajen da ake ƙara kaifi,
hoton ya yi tsakuwa-tsakuwa, hasken ya tsinke.
Baba ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allo.
Ya ce, me ka yi mata?
Mayar.

Na mayar.

Ya ce, Barmani ce. Shekara tara ke nan.
Lokacin da na ɗauka idona garau yake,
na ga dodon, na ce gwangwani ya cuce ni, na jefa a adaka.
Yanzu yana ta rufe mini ido,
haka nake ganin jikokina, haka nake ganin ka.
Ashe gwangwanin riga na ya yi.

Akwai silin gashi kwance a kan sararin sama,
ya maƙale tun ranar wanki.
Na ce in goge?
Ya yi shiru, ya ce wa ya san na wane ne.

Saura ashirin da uku a cikin hular.
Ya ƙirga sefa a tafina, ya ce ɗaya-ɗaya za mu yi,
kowace Talata.
Ya manta gwangwanin a kan tebur,
bakinsa na kallon titi,
ni kuwa ban juya shi ba.