Takalman Ylfa

Injin saƙar Torfhildur ya shekara biyu a lulluɓe,
ban taɓa shi ba, ban bar kowa ya taɓa ba.
Ranar da wasiƙa ta iso daga Reykjavík,
da zanen tafin ƙafa a bayan takardar kuɗin wuta,
na yaye mayafin.

Allurai ɗari biyu a jere, kowace da lanƙwasar bakinta,
kamar ƙugiyoyin da na shekara arba'in ina ɗana wa kifi.
Na ce, ai mun san juna.
Ashe da sauran gaisuwa.
Sau uku saƙar na suɓucewa ta faɗi a ƙafata,
sau uku ina zagin ƙarfe
da kalmomin jirgi, waɗanda ta hana in shigo da su ɗaki.

A littafinta, da fensir, a gefen shafi:
"Saƙa shi da girma. Ruwa zai ci rabonsa."

Tun Nuwamba rana ta daina leƙo Ísafjörður,
dutse ya tare ta.
Ni da fitila, da ulun tunkiyar maƙwabci,
toka-toka, mai warin ciyawa da ruwan sama.
Hannu dama, ƙarr. Hannu hagu, ƙarr.
Karen ya tashi ya koma kicin.

Abin da ya sauko daga injin
ya isa ƙafata da safa biyu.
Na ɗora shi a kan zanen, zanen ya ɓace.
Na ji dariyarta ta bayan wuyana,
ban waiwaya ba.

Sai injin wanki. Ruwan zafi, sabulu kaɗan,
da tsohon wandon aiki don su sami abokin gogayya.
Na ja kujera na zauna a gaban gilashin
kamar mai jiran haihuwa.

Suka fito a jiƙe, a cure, a ƙanƙance.
Na nemi idon saƙa ko ɗaya, babu.
Inda na yi kuskure, babu.
Zare ya kama zare ya ƙi saki.
Abin da zafi da wuya suka haɗa
ba ya warwaruwa, sai dai almakashi.
Wannan ba ta rubuta shi a littafin ba.

Na hagun ya ɗara na daman da faɗin yatsa.
Na cusa musu jarida, na jera su kusa da murhu.

Ylfa ta zo hutun ƙarshen shekara.
Ƙafar ta riga ta wuce zanen.
Na hagun ya zauna daram,
na daman ta shige shi da ƙyar, tana cije leɓe,
ta ce ba ya matse ta, ƙarya take.
Ta sheƙa da gudu a kan katakon falo,
ba a jin takunta ko kaɗan,
ta tsaya a gaban injin, ta ɗora hannu,
ta ce, "Wa ya koya maka?"