Ruwan Kai

Famfon Birni ya bushe tun Laraba,
amma kan Ɗan-Ladi, ɗan wata bakwai,
cike yake da ruwa, ido ya sunkuya kamar rana za ta faɗi.

Na buɗe, na sa siririn tiyo, na ɗinke.
Shi ne na arba'in da uku
a kundina, da waɗanda suka tashi, da waɗanda ba su tashi ba.

To, ina zan kai rubutun?
Mujallar ƙetare na son albashina na wata biyar,
in ban biya ba ta kulle shi, sai mai hali.
Can ake yin suna, an ce.
Ta Yamai kuwa, tawadarta ma ba ta kama takarda.

Amma Majo Illiya na Tanut yana karanta ta
da tocila, bayan lisha.
Shi ke fara ɗora zaren awo a kan jariri,
shi ke ce wa uwa: "Kar ki jira ranar kasuwa, hau mota yau."

Na leƙa taga. Duwatsun Damagaram sun yi jugum,
manya, masu sanƙo,
kamar kawunan da ba su iso gare ni ba.

Na rubuta adireshin Yamai.