Ƙusa da Waya a Kiruna

Ƙarfe biyu na rana, amma duhu ya riga ya zauna
a bakin tagar ajinmu, kamar baƙon da ya ƙi sallama.
Haka Disamba take a Kiruna:
rana ta yi yaji, sai sabuwar shekara ta je biko.

Malama Gunvor ta shigo da kwali a hammata,
dusar ƙanƙara na narkewa a kafaɗarta.
Ta zube mana kaya: ƙusa, batir,
wayar jan ƙarfe, allurai cikin gwangwanin shayi.
Ta ce, "Ku naɗa, kada ku bar giɓi."

Na naɗa sau talatin, yatsuna suka yi ja.
Na haɗa bakin waya da kan batir,
sai ƙusar nan, da ba ta san komai ba sai riƙe katako,
ta kai baki ta kwashe allurai bakwai.
Na saki waya.
Suka zube yaraf a kan tebur.
"Ƙarfin aro ne," in ji Malama.
"Muddin lantarki na gudu, ƙusa maganaɗisu ce.
Ya tsaya, ta koma ƙusarta."

Nilas, wanda ba ya barin magana ta kwana,
ya ce, "To, mene ne yake gudun?"
Ta ɗiga ɗigo guda a tsakiyar allo.
"Ga cibiyar ƙwayar zarra,
furoton da nutiron a cure wuri ɗaya.
Ilektiron kuwa..."
Ta taka har ƙarshen aji, ta buɗe ƙofa,
sanyi ya faɗo mana, ta nuna bayan filin wasa.
"Yana can, ɗan mitsitsi, ba ya zama.
Abin da ke tsakani fili ne fetal.
A jikin jan ƙarfe wasunsu 'yan yawo ne,
batir ya ingiza su, su kama hanya ɗaya."

Nilas ya daki tebur har ya yarfe hannu.
"In fili ne, me ya sa na ji zafi?"
Aji ya kwashe da dariya, ban da ita.
"Ilektiron na hannunka da na tebur halinsu ɗaya,
shi ya sa ba sa ga maciji da juna.
Turin da suka yi wa juna, shi ka ji."

Da dare Baba ya fito daga ramin ma'adinai,
ƙurar ƙasa a girarsa.
Ya ciro baƙin dutse daga aljihu,
ƙarami, amma da nauyi kamar bashi.
Na kai shi kusa da kamfas ɗina,
allurar ta manta arewa, ta juyo tana kallonsa.
Ya ce, "Majken, saboda wannan ƙasa ke tsagewa,
saboda shi aka ɗora gidan kakarki a mota
aka kai shi gabas."
Na juya dutsen a tafina. Bai yi kama da mai laifi ba.

Muka fita zuba shara, sai ga sama ta kama,
kore shar, tana kaɗawa kamar shanya a iska.
Na ce, "Baba, saƙon rana ne.
Ita ta watso ƙwayoyin, duniya ta ja su nan arewa,
don ita ma maganaɗisu ce,
suka yi karo da iskar sama, iska ta yi haske."
Ya ce, "Wa ya faɗa miki?"
Na ce, "Gobe za a tambaye mu a jarrabawa."

Ya dafa kafaɗata.
Na san turi ne kawai, nasa da nawa,
fili yana tokare da fili.
Ban faɗa masa ba.
Hannun da ɗumi, kuma bokitin shara yana jiranmu.