Sifili

Na hau tsani tun rana ba ta yi ƙarfi ba,
bayan madatsar Goronyo, inda dogon ƙarfe ya tsaya shi kaɗai
mita goma sama da gonar Nomau.
Sufana a aljihu, igiya a ƙugu,
don Ige ta rantse in na faɗo
ba za ta yi takaba saboda iska ba.

A ƙoli take, mai yatsu shida,
uku na kallon uku, ba sa taɓa juna.
Ba kofuna masu juyawa irin na da,
ba abin da ke motsi a jikinta.
Murya kawai suke jefa wa juna,
siririya, irin ta jemage,
wadda kunnen ɗan Adam bai isa ya kama ba.
In iska ta bi bayan muryar, ta iso da wuri.
In ta tare ta, ta makara.
A cikin 'yar makarar nan ake karanta gudun iska.

Sati uku ke nan tana sharara ƙarya.
Ranar da ko ganyen dogonyaro bai kaɗa ba
ta aika wa ofis a Sakkwato
wai guguwa ta wuce.

Ga masu laifin.
Zanzaro ya gina ɗakin laka a bakin yatsa na biyu,
gizo-gizo ya ja zare daga na ɗaya zuwa na huɗu,
hankaka ya mai da na shida zaure,
ya tashi ya bar farin sa hannu.
Ba a kankare ta da wuƙa.
Tsumma mai laushi, ruwan gora,
sai haƙuri, wanda ba ya cikin jaka.

Daga ƙasa Nomau ya ɗaga kai:
"Kai na bisa! Mi tac ce? Yaushe za mu shibka?"
Na ce ba ta san ruwa ba, iska ta sani.
Ya lashi yatsa, ya miƙa shi sama:
"Gabas ta hito. Wanga ko kyauta ni ka hwaɗi."

Na kwance ta, na sauko da ita a ƙirji.
A ɗakin batir na rufe taga, na kashe fanka,
na kwantar da ita cikin akwati mai soso,
na rufe, na zauna, har numfashina na rage.
Marigayi Malam Arzika da ya koya mini aikin nan
cewa yake, kada ka tambaye ta labarin iska
sai ka ji abin da za ta ce in babu iskar.

Allon ya nuna sifili, ɗigo, huɗu.
Cikin akwati a rufe, tana jin iskar da babu.
Na auna tazarar yatsun, biyu-biyu.
Ɗaya ya karkace,
bai fi kaurin ƙwayar gero ba.
Nauyin hankaka ke nan.

Na shigar da sabon awo, na jira.
Gumi na ɗiga a kan maɓallai.
Huɗu ta koma biyu, ta yi gardama,
sannan ta sauka.
Sifili, ɗigo, sifili.
Na rubuta kwanan wata a littafin,
layi bakwai ƙasa da inda birosa ya tsaya.

Bayan la'asar na mayar da ita.
Na daidaita har kumfar lebur ta zauna tsakiya.
Na ja da baya da kamfas, nesa da ƙarfen,
don ƙarfe na yaudarar allura,
na juya alamar ta kalli arewa sak,
na ɗaure noti huɗu.

Ina naɗe igiya gabas ta haɗe rai.
Lamba ta soma hawa, uku, biyar, tara.
Hular Nomau ta tashi ta bi kunya-kunya,
yana bin ta, yana dariya, yana nuna mini yatsansa.