Kofi Goma Sha Bakwai

Ni ke wanke kofuna a ofishin ma'aikata,
nan Garwa, kusa da Rumde Ajiya.
Ban yi boko ba, amma na iya ƙirga:
kofi goma sha bakwai kullum,
sha shida in Madam Fanta na ramuwar azumi.

Takardar albashi kuwa, wadda fanka ta jefo
ƙarƙashin tebur, ɗana ya karanta mini da dare:
mutum arba'in da uku.
Na ce, yaro, goge idonka.
Ya goge. Arba'in da uku.
To sauran a ina suke shan shayinsu?

Direba uku gare mu, motar ɗaya ce,
ita ma damina biyu tana kan duwatsu,
kaza na kwanci a kujerar baya,
amma duk wata sai ta sha mai lita ɗari uku
ko tari ba ta yi ba.
Na'urar sanyi tara ce a takarda.
Ɗaya na sani, tana ɗakin Delege.
Mu kuwa Afrilu ke juya mu
kamar kifin Binuwai a kan waya.

Ran Talata aka ce masu bincike na tafe daga Yawunde.
Kafin azahar an yi hayar kujerun biki,
an kwaso mai faci, da 'yan babur huɗu,
da ƙanin matar Delege, da wani mai sayar da agogo,
kowa jaka biyu da aron suna.
Sakatare ya miƙo mini kwat mai warin akwati,
ya ce, Inuwa, gobe kai ne Sali Garga,
akawu. In an kira, ka ce na'am.

Sali Garga.
Wanda ba ya shan sukari.
Wanda kofinsa mai ɓallen hannu
har yau yake bayan gwangwanin madara,
na kasa yar da shi.
Shekara bakwai ke nan da na kama makararsa.
Matarsa, Dudu, na tuyar ƙosai a ƙofar asibiti,
takardun fansho, in ta tambaya,
wai suna kan hanya.
Wace irin hanya ce
albashi ke sauka, fansho ke ɓata?

Mai binciken yarinya ce, da tabarau,
tana kira, ana amsawa,
mai faci har da gyaran murya.
Ta ce, Sali Garga.
Fanka ta zaga sau uku.
Sakatare ya taka mini yatsa.
Na ji harshena ya yi nauyin dutsen niƙa,
na ce, ranki ya daɗe, ya rasu.
Ni na riƙe ƙafar hagu.

Ta dube ni. Ta rubuta wani abu.
Ban san tsawonsa ba, biro dai ya motsa.
Da rana Delege ya kai baƙi cin abinci,
da la'asar na ga rago a bayan motarsu
yana kallona ta gilashi.

Bayan wata biyu sakamako ya iso
da hatimi uku da sa hannun manya:
an gano ma'aikacin bogi guda ɗaya,
an tsabtace takarda,
saura arba'in da biyu.
Ɗana ya bi layi da yatsa har ƙasa,
ya koma sama, ya sake sauka.
Sali na nan, har an ƙara masa girma.
Inuwa ne babu.

Yanzu tebur gare ni kusa da kaskon Dudu.
Ita ƙosai, ni shayi.
Masu jinya na zuwa da kuɗin magani a ƙulle,
su ce an ce babu gado, babu allura, babu ma'aikaci.
Nakan zuba musu, in yi shiru.
Da magariba ina ƙirga kofuna,
ina ƙirga kuɗi,
su zo daidai.

Mai ɓallen hannun na taho da shi.
Shi kaɗai na sata a gidan gwamnati,
kuma in an zo bincike, zan faɗa.