Agogo Arba'in da Ɗaya

Shagon Kawu Bibhuti bai fi faɗin tabarma biyu ba,
amma duk Kolkata ta ƙofarsa take bi:
masu jan keke suna kaɗa ƙararrawa,
mai shayi yana zubar da kofunan yumɓu a bakin kwata,
hankaki biyu suna shari'a a kan wayar lantarki,
motoci kuwa kamar an biya su su yi ihu.

A bango agogo arba'in da ɗaya,
babu biyu da bakinsu ya zo ɗaya.

Nan aka kawo ni, ni Tapashi,
aka maƙala mini gilashi a ido guda,
aka ba ni hantsaki mai baki irin na sauro,
da wata kusa wadda ƙwayar riɗi ta girme ta.
Na ɗauke ta. Na kusa kai ta gidanta.
Sai wayata ta yi gurnani a aljihu.
Ido bai motsa ba, zuciya ce ta leƙa,
kusa ta yi tsalle, ta shiga duniya.

Awa ɗaya da rabi ina rarrafe da mayen ƙarfe.
Na samo allura uku, da maɓalli, da kunya.

Kawu bai yi faɗa ba.
Gwangwanin biskit ya buɗe, ya jefa tasa wayar,
ya miƙo mini.
Ya ce, "Ba kurkuku ba ne, masauki ne.
In agogon katakon nan ya buga, ki gaishe ta."

Na ce, "To titin fa? Shi ma a gwangwani?"
Ya yi dariya har gilashinsa ya zame.
"Kada ki yi kokawa da titi, ya fi ki ƙashi.
Cikin arba'in da ɗayan nan zaɓi bugu guda,
ki bi shi kamar mai bin sawu."

Kwana tara ban ji komai ba sai hayaniya.
A na goma na tsinci wani ɗan ƙarami,
mai ɗingishi kaɗan a bugu na biyu.
Da na riƙe shi, sauran suka ja da baya.

Tunani dai bai daina sallama ba:
kuɗin haya, maganin babata,
maganar da Ritam ya faɗa a tashar jirgin ruwa
wadda har yau ban san inda ta dosa ba.
Akwai guntun takarda a gefen hannuna.
Wanda ya zo, in rubuta sunansa, in kifa.
Baƙo ne, kujera ake ba shi,
ba makullin ɗaki ba.

Wata rana na tambaye shi,
"Kai naka hankalin ba ya yawo?"
Ya daɗe yana goge hantsakinsa.
"Sau arba'in a yini yake zuwa wurin Malati,
shekara shida ke nan da rasuwarta.
Ɗan akuya ne.
Ba a yanka shi don ya tsinke igiya,
jawo shi ake yi, a sake ɗaurewa."

Ran nan da damina wata tsohuwa ta kawo agogon mijinta,
a naɗe cikin gefen mayafi, ya yi shekaru shiru.
Na buɗe bayansa. Na fitar da numfashi.
Na shiga.

Da na ɗago,
ruwa ya zo, ya cika lungu har idon sawu, ya tafi,
ban ji saukarsa ba.
Shayina ya yi sanyi, ya yi fata.
Kawu yana gyangyaɗi, baki buɗe.
Gwangwani yana ta gurnani a kan kanta.

Na bar shi tukuna.
Na kai agogon kunnena.
Yana tafiya.