Ranar da Inji Ya Daina Fitsari

Mun bar gaɓa hantsi bai gama ɗagawa ba,
mu bakwai, da buhun gero huɗu,
da akuyar Goggo Dudu mai kuka kamar an yi mata rasuwa.
Ruwan Dadin Kowa na kwance lumui,
ba ka ce da abin da yake ɓoyewa.

Babayo na gaba riƙe da gora,
ni a baya, hannuna kan wuyan inji,
injin da maraƙaina biyu suka tafi dominsa,
har Baffa ya yi kwana uku yana ƙin amsa mini gaisuwa.

A tsakiyar ruwa muryarsa ta sauya.
Mai inji ya san tarin injinsa
yadda uwa ke gane na ɗanta cikin dare.
Na waiga. Babu fitsari.
Ɗan siririn ruwan nan da yakan tsartar ta gefe,
shaidar yana sha, cikinsa na hucewa,
ya ɗauke ɗif.
Murfi ya ɗau zafi, ƙauri na tasowa.

Na kashe shi kafin ya kashe kansa.
Malam Kwairanga ya dubi agogo,
yana da aji ƙarfe tara a ƙetare.
Ya ce, "Direba, lafiya?"
Na ce, "Kainuwa."

Na karkato inji sama,
farfela ta fito da rawani kore,
naɗi kan naɗi, saiwa da gansakuka
da guntun komar wani masunci da ruwa ya daɗe da cinyewa.
An ce ke dashen Allah ce. Ban musa ba.
To wa ya aike ki maƙogwaron abincina?
Duk faɗin tafkin nan, nan kika ga wurin tarewa?

Na tuɓe riga, na sa wuƙa.
A yanka a ja, a yanka a ja,
santsi na ƙwace ta daga yatsu.
Ramukan shan ruwan nan, ƙanana kamar hancin ɓera,
sun toshe da laka da saiwa.
Da wayar keke na bi su ɗaya-ɗaya,
na sa baki na busa, na tofar da ɗaci.
Matsattsaku biyu a damtsena, ban ji zuwansu ba,
sai Babayo ya yi ta nuni yana ƙyalƙyacewa.

Na ja igiya. Ya tashi! Ya yi fitsari!
Ban taɓa murnar fitsarin wani haka ba.
Ba mu yi nisan jifa biyu ba
ya sake shaƙewa.
Sau uku. A na ukun Malam ya cire agogon ya sa aljihu,
Goggo Dudu kuwa tana ta tara abin da nake yarwa,
wai taki ne, alayyahunta zai yi godiya.

Sai Babayo ya laluba ƙarƙashin katako
ya jawo abin da ban san yana jirgin ba:
buhunan taki shida, ɗinke da zaren koma,
ɗinkin Baffa, na san shi da karkacewa.
Muka kafa gora, muka ɗaure.
Iskar gabas ta zo ta shinshina,
ta yi jim, ta cika shi.
Jirgi ya bi ta kan ganye a hankali,
ba tari, ba hayaƙi,
kainuwa na buɗe hanya, tana rufewa.

Da la'asar muka dawo, buhunan na sama har yanzu.
Baffa na gindin gawo yana gyaran koma.
Bai ɗaga kai ba.
Sai da na ɗaure jirgi, na saɓo inji a kafaɗa,
na zo daidai da shi ina sunkuyar da kai,
ya ciji zare, ya ce,
"Maraƙan naka sun samu sun sha ruwa?"